Digiri Ko Kuɗi? Zaɓin Da Ke Gaban 'Yan Ƙwallon Jami'a A Amurka



A Amurka akwai wata ƙwallo da ba irin tamu ba. Siffarta kamar ƙwai, ana runguma ta a gudu da ita, 'yan wasan kuma suna sa hular kwano saboda karo da juna. Babbar gasarta ita ce NFL, mai ƙungiyoyi 32. Kusan duk wanda ke son shiga NFL sai ya fara buga wa wata jami'a wasa yana karatu.

Dokar NFL ta ce ba a ɗaukar ɗan wasa sai ya cika shekara 3 da gama sakandare. Digiri kuwa yakan ɗauki shekara 4. Shi ya sa idan ɗalibi ya yi shekara 3 a jami'a, sai ya tsaya ya yi tunani: ya ƙarasa karatu, ko ya tafi neman kuɗi?

Masu tafiya suna da hujja. Wasan akwai haɗari. Idan mutum ya ƙara shekara ɗaya ya karye a gwiwa, wataƙila babu ƙungiyar da za ta ƙara kallonsa. Wasu kuma iyayensu talakawa ne, suna jiran taimako. Da can ma ba a yarda ɗan wasan jami'a ya karɓi kuɗi ba. Sai a 2021 aka ba su damar samun kuɗi ta hanyar talla da sunansu.

Amma tafiyar ma tana da nata haɗarin. Kowace shekara a watan Afrilu ƙungiyoyin suke zaɓen sababbin 'yan wasa, zagaye 7 kacal, mutum ɗari biyu da hamsin da 'yan kai. Wanda ya shiga zaɓen ba zai koma buga wa jami'arsa ba, ko da ba a ɗauke shi ba. Maurice Clarett ya kai NFL kotu don a bar shi ya shiga da wuri, ya sha kaye a 2004. An ɗauke shi a 2005, amma aka sallame shi bai buga wasan gasa ko ɗaya ba.

Andrew Luck shi kuma haƙuri ya yi. A 2011 ya zauna a jami'ar Stanford don ya gama karatun zanen gine-gine, a 2012 aka zaɓe shi na ɗaya. Rauni ya sa ya bar wasa a 2019 yana ɗan shekara 29, amma digirinsa na hannunsa. Emmitt Smith ya bar jami'ar Florida a 1990, ya yi suna sosai, duk da haka ya koma ya karɓi digirinsa a 1996.

'Yan uwa, mu ma a ajinmu akwai masu guje wa darasi su tafi fili, wai ƙwallo ce za ta ciyar da su. Ni ma ina son ƙwallo. Amma mu lura, waɗannan sun gama sakandare har sun shiga jami'a kafin su yi wannan zaɓi. Mu ko JSS ba mu gama ba. Mu buga ƙwallo da yamma, amma da safe a same mu a aji.

Daga wani ɗan JSS 2, ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta.