Abin da Kaburburan Durbi Takusheyi Suka Bayyana Game da Tsohuwar Katsina

Durbi Takusheyi tsohuwar maƙabarta ce a ƙaramar hukumar Mani, gabas da birnin Katsina. Tuddai ne na ƙasa da aka tara bisa kaburbura, kuma tarihin baka ya danganta su da sarakunan Durɓawa, waɗanda suka riƙe ƙasar kafin sarauta ta koma hannun Muhammadu Korau.

An fara haƙa wurin a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ƙarƙashin jagorancin Baturen mulki Palmer. Aikin da ya fi fito da bayani shi ne na 1992, lokacin da hukumar kula da gidajen tarihi ta Nijeriya da masana daga Jamus suka haƙa tuddai uku. Da yake kayan da aka samu a ciki sun yi rauni, sai aka ɗauke su tare da ƙasar da ta lulluɓe su. Daga baya aka kai su birnin Mainz na Jamus, inda aka tsabtace su, aka bincika su, aka baje kolinsu a 2011, sannan aka dawo da su gida.

Kowane tudu mutum ɗaya aka binne a cikinsa, tare da kayan alfarma. An samu awarwaron hauren giwa, da mundaye na tagulla, da 'yan kunne na zinariya, da duwatsun ado, da kuɗin wuri, da ragowar tufafi. Gwajin kimiyya ya nuna cewa kaburburan sun faɗo tsakanin ƙarni na 13 da na 16.

Asalin kayan shi ne babban darasi. Wuri daga tekun Indiya yake fitowa, wasu tasoshin ƙarfe da aka samu a wurin kuma aikin maƙeran ƙasashen Musulmi ne na Gabas. Ke nan tun wancan zamani ayarin fatake ya haɗa ƙasar Katsina da kasuwannin ƙetaren Sahara, masu mulkinta kuma suna da wadatar sayen kaya masu tsada. Binne mamaci da dukiyarsa kuma alama ce ta al'adar da ake bi kafin Musulunci ya kafu sosai a fada.

Irin waɗannan tuddai na buƙatar tsaro daga zaizayar ƙasa da masu haƙar sata, domin kayan da aka tono ba bisa ƙa'ida ba sun rabu da shaidar da ke nuna zamaninsu da mai su.