Bayan Ƙanƙara, Me Asabar da Lahadi Za Su Zo da Shi a Ƙasar Zuru?

Duk shekarar da hadarin farkon damina ya sauko da ƙanƙara a ƙasar Zuru, tambaya ɗaya ce ke yawo washegari, daga teburin mai shayi har wurin masu tsintar kwanon da iska ta yi jifa da shi: ya gama ke nan, ko da saura? Mai ɗaurin aure ranar Asabar yana so ya san ko zai kafa rumfa a fili. Masu zuwa coci ranar Lahadi daga ƙauyukan gindin dutse suna tunanin rafin da za su tsallaka. Manomin da ƙanƙara ta yayyaga wa ganyen masara yana lissafin kuɗin sabon iri. Da yake na daɗe a aikin malamin gona, kuma har yau ina ajiye ma'aunin ruwan sama a tsakar gidana, ni ma akan tare ni a hanya. Wata dattijuwa maƙwabciyata takan ce, "Malam, ku da kuke jin rediyo, Asabar ɗin nan sama za ta bar mu mu yi biki?" Nakan ce mata, "Inna, a yi komai da safe. Daga la'asar kuma a sa ido gabas."

Amsar nan tawa ba ta fito daga duba ko kintace ba. Tana da dalili, kuma dalilin ne nake so kowa ya riƙe, domin wanda ya fahimce shi zai amfana da hasashen yanayi fiye da wanda ke jiran a ce masa e ko a'a.

Mu a nan kudancin jihar Kebbi ruwa yakan zo mana kafin ya isa Birnin Kebbi da Sakkwato. Daga Afrilu zuwa Mayu, iska mai laima da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma tana kutsowa arewa, tana shiga ƙarƙashin busasshiyar iskar da ta rage daga rani. Ƙasa kuwa ta sha zafin bazara har ta ƙoshi. Da rana ta take, iskar da ke kusa da ƙasa sai ta yi zafi ta tashi sama da ƙarfi, ɗauke da laimarta, ta gina hadari mai tsayin da kan wuce kilomita 12. Ruwan da ya fara zubowa daga cikinsa yana ratsa busasshiyar iskar nan ta tsakiya, wani sashensa ya ƙafe tun bai iso ƙasa ba. Ƙafewar ita ke sanyaya iskar, ta yi nauyi, ta rikito ƙasa gaba ɗaya, ta bazu a guje. Wannan ce iskar nan mai sanyi da jan ƙura da ke riga ruwa isowa, kuma ita ce mai ɗaye rufi. Shi ya sa ɓarnar iska ta fi yawa a farkon damina da kuma ƙarshenta, wajen Satumba da Oktoba. A tsakiyar Agusta, lokacin marka, sama ta jiƙe tun daga ƙasa har can ƙoli, ruwa yakan zo da yawa amma iskarsa ba ta cika yin hauka ba. Matsalar Agusta daban ce: ambaliya da faɗuwar ginin ƙasa.

Irin wannan hadari ba shi kaɗai yake tafiya ba. Yakan jeru ya yi layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita daga kudu zuwa arewa, ya doshi yamma da gudun da ya kai kimanin kilomita 50 a sa'a guda. Da yawa daga cikinsu a tsaunukan Jos da tuddan da ke gabas da mu suke haɗuwa da rana. Wanda ya bi ta Zariya da la'asar yana iya ratso dajin Birnin Gwari da Ɗansadau ya iso mana da dare. Idan ya taɓa Bena da Wasagu, to Ribah da Zuru su shirya, bayanmu kuma Mahuta da Koko. Kakanninmu da suka ce hadarin gabas ne abin tsoro sun faɗi abin da tauraron ɗan'adam ke nunawa yau. Ina ganin babu gargaɗin da ya kai wayar ɗan'uwa daga Wasagu amfani, in ya kira ya ce iska ta taso musu. Sa'a guda ko abin da ya yi kusa da ita ke nan a hannunka, ta isa a kwashe shanya, a kora awaki, a kira yara daga rafi.

Ita kuma ƙanƙara, a can cikin hadarin ake ƙera ta. Daga tsayin kilomita 5 ko kusa da haka, sanyi ya kai na daskarewa ko da a tsakiyar bazara. Iskar da ke hawa tana riƙe ɗan ƙanƙanin ƙulli na ƙanƙara a wannan wuri, ɗigon ruwa yana manne masa yana daskarewa, yana ƙara kauri, har nauyinsa ya fi ƙarfin iskar ya faɗo. Kusan kowane babban hadari yana da ita a cikinsa, sai dai yawancinta kan narke a hanya saboda zafin ƙasarmu. Wadda ta iso mana ba ta cika wuce girman wake ba. In ka ga ta fi haka, to iskar da ta riƙe ta a sama ba ƙarama ba ce. Kuma faɗuwarta a siririn layi take, shi ya sa za ka ji ta yi ɓarna a Dabai amma mutumin Senchi ya ce shi ruwa kawai ya gani. Dukansu gaskiya suka faɗa.

Bayan kowace ɓarna za ka ji ana cewa guguwa ce, wasu har su tura hotunan mahaukaciyar guguwar nan ta Amurka mai saukowa daga gajimare tana juyawa, su ce a nan aka ɗauka. A Amurka ana samun irinta fiye da 1,000 a shekara, domin a tsakiyar ƙasar iska mai laima daga Tekun Meziko tana karo da iska mai sanyi daga Kanada, a wani yanayi da ba mu cika samu ba. A wajenmu tana da wuya ƙwarai. Mai son ya tabbatar ya zaga ya dubi itatuwa da turakun wutar lantarki da suka faɗi. In duk sun kwanta fuska ɗaya, galibi suna kallon yamma, to miƙaƙƙiyar iskar nan ce ta gaban hadari. Mai juyawa takan watsa kaya ta kowace kusurwa a kan siririyar hanya. Ban kawo wannan don a raina iskarmu ba. Tana da ƙarfin da zai ɗauke rufin aji guda ta dire shi a gonar wani. Na kawo shi ne domin miƙaƙƙiyar iska ana iya gina rufin da zai jure mata, kuma sanin haka yana hana mutum ya naɗe hannu.

To, ina batun Asabar da Lahadi? Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma sama a farkon damina ba ta bin wannan magana yadda muke so. Babban hadari in ya wuce yakan bar iska a sanyaye, washegari gari ya waye tas, har mutane su ce sama ta juye abin da ke cikinta. Ba ta juye ba. Rana za ta bugi jiƙaƙƙiyar ƙasa, laima ta koma sama, zufa ta dawo, cikin kwana biyu ko uku an sake tara abin da hadari ke bukata. Ga kuma wata kaɗawar iska da masana suka daɗe da ganowa a sararin Afirka ta Yamma, mai ratsowa daga gabas duk bayan kwana 3 zuwa 5 idan damina ta kankama, wadda ke taimaka wa hadari ya haɗu. Wasu daga cikin irinta ne ke fita Tekun Atlantika su zama guguwar teku da ke afka wa Amurka. Saboda haka hadarin da ya yi ɓarna ranar Talata ko Laraba, ba abin mamaki ba ne ɗan'uwansa ya biyo baya a ƙarshen mako.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, tana fitar da hasashen kwana uku-uku, gidajen rediyo da jaridu suna ɗauka. A irin wannan lokaci za ka ji ana cewa za a wayi gari da rana ko ɗan gajimare, sannan akwai yiwuwar tsawa da ruwa da iska mai ƙarfi a wasu sassan Kebbi, Neja, Zamfara da Kaduna da yamma ko da dare. Mutane suna jin haushin "wasu sassan" ɗin nan, suna cewa ai wannan kowa ma zai iya faɗa. Ni ina kare wannan magana, domin ita ce gaskiyar abin da ilimi ya kai a yau. Hoton tauraron ɗan'adam yana zuwa duk bayan 'yan mintoci, yana nuna hadarin da ya riga ya haɗu da inda ya dosa. Amma a ce tun ranar Alhamis an san ko Rikoto ce za ta sha ƙanƙara ranar Asabar ko Manga, wannan babu hukumar da ke iya shi, ko a Turai. Abin da hasashen ya fi ƙwarewa a kai shi ne lokaci: wace rana ce ta fi haɗari, kuma da wane sashe na yini.

Akwai kuma yadda ya kamata mutumin Zuru ya saurara. Jihar Kebbi doguwa ce, tsakaninmu da Birnin Kebbi ya haura kilomita 150, kuma sau da yawa samanmu ta fi kama da ta Rijau da Kontagora. In an ambaci Neja da Kaduna da Zamfara ba a ambaci Kebbi ba, kada ka saki jiki. Ga masu cewa hasashe shiga ilimin gaibu ne, amsata ita ce alamu ake karantawa, kamar yadda tsoho ke duban gabas ya ce a kwashe hatsi. Saukar da ruwa na Allah ne, kuma babu ma'aikacin yanayi mai hankali da ya taɓa cewa nasa ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ɓatar da kwanakin nan biyu ko uku na sarari. Mai gidan da iska ta ɗaye wa kwano yakan tsinto shi, ya miƙe shi da guduma, ya mayar a kan katakon da gara ta riga ta cinye, ya ɗora duwatsu da tsohuwar taya. Hadari na gaba ya zo ya ɗauke duka, duwatsun su zama abin jifa a kan maƙwabta. Iska ba tura rufi take yi ba kawai, tsotso shi take daga sama, kuma ta fi kama shi a baki-baki da kusurwa. In gudunta ya ninka sau biyu, ƙarfin da take bugu da shi ya ninka sau huɗu. Don haka a gefe da kusurwa ake ƙara yawan ƙusa, ƙusar kwano mai hula, a kan tudun kwanon ba cikin kwarinsa ba. Katakon rufi kuma a ɗaure shi da rodi ko waya mai kauri da aka binne cikin ginin, domin sau da yawa za ka tarar kwano da katako sun tashi tare, babu abin da ya haɗa su da bango sai nauyinsu. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure iska, kuma baki mai tsawo da ke leƙowa waje kyau ne da shi amma shi iska ke fara kamawa. Kafintocinmu sun san duk wannan. Mai gida ne ke cewa a rage, saboda tsadar kaya, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai in kuɗin ba su isa a gyara ko'ina ba, a fara da ɓangaren gabas da ɗakin da yara ke kwana.

In iska ta taso, a rufe ƙofa da taga, musamman masu kallon inda take fitowa, don in ta shiga ɗaki tana tura rufin daga ciki. Kada a fake gindin darbejiya ko mangwaro, reshe na karyewa, aradu kuma dogon abu take nema. Tsakanin walƙiya da jin tsawa, kowane daƙiƙa 3 kimanin kilomita guda ne, kuma muddin kana jin tsawar to tana iya kai maka. Wanda ke gona ya ajiye fartanya ya nemi gini, ya ba da rabin sa'a bayan tsawar ƙarshe kafin ya koma. Wayar lantarki da ta faɗo a ɗauka da wuta a jikinta ko da unguwa ta kwana uku a duhu. Katangar ƙasa da ta sha ruwa kuwa ba lallai ta faɗi a daren ba, takan jira kwana ɗaya ko biyu, don haka a duba gindinta kafin a shimfiɗa wa yara tabarma a inuwarta. Wanda ya yi asara ya ɗauki hoto kafin ya fara gyara, ya kai rahoto wurin mai unguwa da ƙaramar hukuma, ta nan bayani ke isa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha.

Manomi kuma ina roƙonsa ya yi haƙuri da gonarsa. Ganin ganyen masara a yayyage yana karya zuciya, na sha ganin wanda ya sa garma ya kife shukar da za ta tashi. Masarar da ba ta wuce ganye shida ba, idon da take tsirowa daga gare shi yana ƙarƙashin ƙasa, ƙanƙara ba ta kai gare shi ba. Dawa da gero ma a ƙuruciyarsu haka suke. A ba su kwana 5 zuwa 7, sannan a tsaga kara ɗaya a duba cikinsa: in fari ne mai tauri, kuma sabon ganye ya fara leƙowa daga tsakiya, shukar tana da rai. In ya yi ruwan ƙasa ya yi laushi, ta mutu. Wake da auduga su ne ba su da wannan gata, in ƙanƙara ta datse su ƙasa da ganyen farko sai dai a yi ƙwafi. Taki kuma kada a zuba shi a yammacin da aka ce akwai yiwuwar ruwa mai ƙarfi, musamman a gonakin gangaren dutse, inda ruwa ɗaya ke iya wanke buhu guda ya kai shi rafi. A bari hadarin ƙarshen makon ya wuce, a zuba a jiƙaƙƙiyar ƙasa da safiyar Litinin, a rufe shi.