Babur a ƙasar da hanya ba ta miƙewa

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar yammacin Norwe ya auna tazarar gari da gari da yatsa, lissafinsa ba zai fita ba. Babbar hanyar gaɓar teku, E39, daga Kristiansand zuwa Trondheim kusan kilomita 1,100 ce, amma takan ci sa'o'i 21, domin sau 7 kwalta take ƙarewa a bakin ruwa, sai an jira jirgin fito. Wannan jinkirin da ke ƙona ran direban babbar mota shi ne yake jawo masu babura daga Jamus da Holan da sauran ƙasashen Turai daga watan Yuni zuwa Agusta. A wajenmu babur abin neman na cefane ne, ɗan acaɓa gajeriyar hanya yake nema. Su waɗannan kuɗi suke kashewa don su bi mai nisa.

Ƙanƙara ce ta jawo duk wannan. A zamanin da, ƙanƙara mai kaurin da ya wuce kilomita guda ta lulluɓe yankin, tana gangarowa teku sannu a hankali, tana jan duwatsu a ƙarƙashinta tana kankare ƙasa da su. Kogi idan ya yanka kwari, gindin yakan yi tsini. Ita kuwa ƙanƙara kwarin da take bari mai faɗin gindi ne, bangonsa a tsaye. Da ta narke, kimanin shekaru 10,000 da suka wuce, ruwan teku ya kwararo ya cike kwarurukan. Su ne ake kira fiyod. Mafi tsawonsu a Norwe, Sognefjord, ya kutsa cikin ƙasa sama da kilomita 200, zurfinsa a wani wurin ya haura mita 1,300.

To mai gina hanya ya zai yi da bangon dutse? Sai ya yi ta naɗe hanyar, ta je ta dawo, tana hawa kaɗan-kaɗan. Haka aka yi Trollstigen kusa da garin Åndalsnes, wadda Sarki Haakon na Bakwai ya buɗe a 1936: kwana 11 masu tsananin lanƙwasa, ga ruwan Stigfossen yana zubowa daga sama yana jiƙa kwalta a wajen gada. Hanyar da ke sauka Lysebotn, can kudu, kwananta 27 ne.

A irin wannan kwana gudu ba ya amfana wa kowa komai. Mahayin yakan rage giya tun kafin ya iso, ya juya kansa gaba ɗaya ya kafa ido a mafitar kwanar, domin babur inda ido ya kalla yake bi. Wanda ya tsura wa ramin gefe ido, can zai nufa. Sannan ya tuna doguwar bas ta masu yawon buɗe ido ba ta iya shan kwanar sai ta cinye hannu biyu. Gangara ta fi hawa haɗari. Wanda ya danne birki tun daga sama, kafin ya kai ƙasa birkin ya yi zafi ya daina kamawa, shi ya sa ake barin babur a ƙaramar giya, inji ya riƙe shi.

Mutanen wurin, a gaskiya, ba su dogara da waɗannan hanyoyi ba. Akasarin hanyoyin rufe su ake yi tun daga kaka har wajen watan Mayu saboda dusar ƙanƙara, alhali mara lafiya da motar kifi ba sa jiran a share. Don haka gwamnati ta huda duwatsun. Ramin Lærdal, da aka buɗe a 2000, kilomita 24.5 ne, babu hanyar mota ta ƙarƙashin dutse da ta kai shi tsawo a duniya. An fafe manyan koguna uku a ciki aka haska su da shuɗiyar fitila don kada direba ya yi gyangyaɗi. Mai babur da ya san abin da ya kawo shi, idan yanayi ya bari, sama yake bi, ta tsohuwar hanyar Aurlandsfjellet, inda ko a watan Yuni yakan ratsa tsakanin katangun dusar ƙanƙara, ya tsaya a dandamalin Stegastein ya leƙa ruwa daga tsayin mita 650. A ganina dabarar Norwe a nan take: rami na ɗan gari, tsohuwar hanya ta baƙo. Hukumar hanyoyin ƙasar ta ware irin waɗannan guda 18 ta ƙawata su da wuraren tsayawa.

Sanyi ne yake shammatar baƙo. Duk hawan mita 1,000 zafin iska yakan ragu da wajen digiri 6, ga hanyar Sognefjellet ta kai mita 1,434. Mutum ya bar bakin ruwa yana gumi, bayan sa'a guda yatsunsa sun ƙage a kan birki. Ruwan sama kuma ba ya sallama. Birnin Bergen yana samun sama da milimita 2,000 a shekara. A bakin rami gilashin hular kwano yakan yi hazo nan take, a bayan kwana kuma ana iya tarar da tunkiya kwance tana shan ɗumin kwalta.

Doka ba ta wasa. A wajen gari iyakar gudu yawanci kilomita 80 ce, tara tana da tsada, barasa ko kaɗan ce a jini tana iya jawo hukunci. Babur ba ya biyan yawancin kuɗin hanya, amma yana biyan na fito, mai ma ba arha duk da ƙasar tana haƙo shi.

Dutsen kuma bai gama motsi ba. Ruwa yana shiga tsaga, ya daskare, ya kumbura, ya ɓalle dutse. A watan Yunin 2024, bayan duwatsu sun yi ta faɗowa kan Trollstigen, hukumomin lardin Møre og Romsdal suka rufe ta a daidai lokacin da baƙi suka fi zuwa, masu masauki da gidajen abinci na yankin suka ji a jikinsu. Sai a 2025 aka sake buɗe ta, bayan an yi aikin kare hanyar.