Takardar Tambayoyi: Wa Aka Tambaya, Kuma Yaya Aka Tambaye Shi?

A shekarar 1936 wata mujallar Amurka mai suna Literary Digest ta aika wa mutum kusan miliyan 10 takarda tana tambayarsu wanda za su zaɓa shugaban ƙasa. Sama da miliyan 2 suka maido da amsa, sai mujallar ta buga cewa Alf Landon ne zai ci. Da aka yi zaɓen, Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Ashe yawancin sunayen daga kundin lambobin tarho da rajistar masu mota aka tsinto su, a zamanin da talaka bai mallaki ko ɗaya ba, kuma masu jin haushin Roosevelt sun fi ɗokin maido da takardar. Yawa dai bai hana kuskure ba.

Duk da haka, har yau takardar tambayoyi na cikin manyan kayan aikin masu nazarin zamantakewar al'umma. Dalili kuwa a fili yake: tambaya iri ɗaya ake yi wa kowa, cikin tsari ɗaya, don haka ana iya ƙirga amsoshin a gwada wannan gari da wancan, ko bana da shekaru goma baya. Wasu tambayoyin na zaɓi ne, e ko a'a. Wasu a bar mutum ya faɗi abin da ke ransa. Akwai kuma ma'aunin nan mai hawa biyar, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", wanda Rensis Likert ya fito da shi a 1932.

A Najeriya, babban misali shi ne binciken lafiya da yanayin jama'a da aka fara a 1990. A na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, an tattauna da mata sama da 41,000 masu shekara 15 zuwa 49, an kuma fassara tambayoyin zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo. Daga irin wannan aiki ne ake samun alƙaluman haihuwa, da mace-macen ƙananan yara, da yawan waɗanda aka yi wa riga-kafi. Wato amsar da wata baiwar Allah ta bayar tana zaune a kan tabarma a tsakar gidanta, ita ce ke zama lambar da ake kai wa teburin masu tsara kasafi.

To amma a ƙasar Hausa takardar na da wuraren da take tuntuɓe, kuma nan ne ya kamata a tsaya. Ka tambayi matar da ke cikin kulle, "Kina aiki?" Za ta ce a'a, kuma ba ƙarya ta yi ba, don a wajenta aiki na masu albashi ne. Alhali tun da asuba ta soya ƙosai, ga ƙuli-ƙuli a faranti, ga ɗinkin hula a gefe, ga yarinya ta fita da talla, ƙarshen mako kuma za ta yi zubin adashi. Mai tambaya ya rubuta "ba ta da sana'a", ya wuce gida na gaba. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a 1969 kan wannan ciniki na cikin gida da ba a gani daga waje. Ita zama ta yi da mutane kafin ta gano shi. Mai takarda kuwa, in yana son ya kama shi, sai ya sauya tambayar: "A makon da ya wuce, kin sayar da wani abu ko kin yi wa wani aiki ya biya ki?"

Haka batun shekaru. Dattijon da ba shi da takardar haihuwa zai ce hamsin ko sittin, shi ya sa amsoshi ke cunkushewa a lambobi masu ƙarewa da sifili ko biyar. Gwanin ma'aikaci kan bi ta tarihi: lokacin da aka kashe Sardauna a 1966 ka yi wayo? Da aka koma Naira a 1973 ka yi aure? Sai kuma kunya. Akwai uwar da za ta yi nauyin baki wajen ambaton ɗan fari, akwai wadda ba za ta iya maganar haihuwa da baƙon namiji ba, balle in maigida ko suruka na tsaye. Makiyayi kuwa, wanda iyayensa suka sha jangali, ba ya gaggawar ƙirga wa baƙo shanunsa.

Ɗalibanmu na jami'a su ma su ji. Watsa fom a zauren WhatsApp na abokan karatu, sannan a rubuta cewa ra'ayin matasan Kano ke nan, zalunci ne ga matashin da ba shi da babbar waya. Tambaya mai jan ra'ayi, irin "Ba ka ganin talla na lalata tarbiyya?", ta riga ta sa wa mutum amsa a baki. Wanda kuma ya zauna gindin bishiya ya cike takardu ɗari da hannunsa, yana sauya biro, wannan ba bincike ya yi ba. Kafin a fita, a gwada takardar a kan mutum goma ko ashirin irin waɗanda za a tambaya, a ga inda suke yamutsa fuska.

Kai kuma da aka yi wa sallama a ƙofar gida, kana da haƙƙi. Ka nemi ganin katin shaida, ka tambayi wanda ya aiko su da abin da za a yi da amsarka. Ƙa'ida ce a nemi yardarka tukuna, a ɓoye sunanka, kuma kana iya tsallake tambayar da ba ta kwanta maka ba. Mai bincike na gaskiya ba ya neman lambar sirrin katin bankinka, ba ya karɓar ko sisi, ba kuma ya yi maka alƙawarin cewa sunanka zai fito a jerin masu tallafi.