Wasannin bidiyo masu kama da na da

A 1996 kamfanin Nintendo ya fitar da Super Mario 64, wasan tsalle-tsalle da gudu. Na'urorin lokacin ba su da ƙarfi, shi ya sa hanci da hular Mario suka fito da kusurwoyi, kamar sassaƙen da ba a goge ba.

Yau kwamfuta ta yi ƙarfi, amma wasu masu ƙirƙira, mutum ɗaya ko ƴan kaɗan, da gangan suke komawa ga wannan siffa. Lunistice na 2022 da Pseudoregalia na 2023 misali ne. Akwai kewar yarinta a ciki, akwai kuma sauƙin aiki da araha. Manhajar ƙirƙirar wasanni ta Godot ma kyauta ce.

Matasan Bonkuku da Filinge masu samun kwamfuta, ku gwada ƙirƙirar irin waɗannan wasanni.