Sauya akwatin giyar tsohuwar a-kori-kura: Abin da ya kamata masu motoci a gabashin Sakkwato su sani

A ƙauyukan Rabah, Wurno da Goronyo, tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu ita ce ke fito da albasa, tafarnuwa da shinkafa daga fadamun Gulbin Rima zuwa kasuwa. Ita ce kuma ke ɗaukar marar lafiya daga garuruwa irin su Tursa zuwa asibiti idan damina ta ɓata hanya. Da yawa daga cikin motocin nan Toyota Hilux ne da suka kwana biyu, domin tun a 1979 kamfanin ya fara fitar da samfurin mai jan ƙafa huɗu.

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, sayen wata mota ya gagari mafi yawan direbobi. Saboda haka idan akwatin giya ya mutu, mafita ita ce a nemo na hannu a ɗora. A wannan yanki kuwa, lalacewar mota a daji ta wuce batun asarar kaya. Harin da 'yan bindiga suka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, inda gomman mutane suka rasu, ya nuna irin hatsarin da masu bin hanyoyin nan ke ciki.

Yaushe ne akwatin ya mutu?

Ba kowace matsalar giya ce ke buƙatar sauyi ba. Idan injin na ƙugi amma motar ba ta ja, galibi faifan kuloci ne ya cinye. Idan giya na ƙin shiga, wataƙila man kuloci ne ya tsiyaye. Alamomin da ke nuna ciki ya lalace su ne giya ta riƙa fita da kanta ana cikin tafiya, ƙarar boris da ba ta yankewa, da ɓarɓashin ƙarfe a cikin man da aka juye. Man da ya koma fari kamar madara kuma shaida ce cewa ruwa ya shiga, abin da ke yawan samun motocin da ke ratsa rafi da damina.

Inda ake yin kuskure

Babbar asara tana faruwa ne tun a wurin saye, ko a Sakkwato ne, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas. Kama da wane ba ta wane. Toyota ta yi amfani da akwatuna daban-daban a tsofaffin Hilux, irin su G52, G58, W56 da R151F, kuma abubuwa uku ne ke raba su.

Na farko shi ne kwanon da ke haɗa akwatin da injin. Na injin fetur 22R dabam yake da na injunan dizal 2L, 3L da 5L, don haka ramukan noti ba za su hau juna ba sai an sauya kwanon.

Na biyu shi ne ƙaramin akwatin da ke bayansa, wanda ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Sandar da ke haɗa su tana da tsaga 21 a G52 da W56, amma 23 ce a R151F. Wanda bai ƙirga ba zai dawo gida da ƙarfen da ba zai shiga ba.

Na uku shi ne tsawo. Akwatin da ya fi tsohon tsawo ko gajarta yana sauya mazaunin ƙarfen da ke tallafe shi, da tsawon furofela ta gaba da ta baya, har da ramin da sandar giya ke leƙowa.

Saboda haka ƙwararrun makanikai kan tafi kasuwa da tsohon akwatin, a jera su a gwada, a juya sandar da hannu a kowace giya kafin a biya kuɗi.

Yadda aikin ke gudana

Ana fara cire batir, a juye mai, sannan a yi wa furofela alama kafin a kwance ta, domin idan ba ta koma yadda take ba motar za ta riƙa karkarwa. Sai a cire sitata, sandunan giya da wayoyi, a tokare injin, a sauke akwatin da jak. Nauyinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma jingina mota a kan duwatsu ko bulo ganganci ne da rai.

Tunda an riga an buɗe, hikima ita ce a sauya faifan kuloci da boris ɗinsa, a duba robar da ke tare bakin mai a bayan injin. Wanda ya yi tsimin wannan kuɗi zai sake biyan ladan saukewa nan gaba kaɗan. Wajen mayarwa, dole faifan ya zauna daidai tsakiya, akwatin ya shige da kansa. Jawo shi da ƙarfin noti yana fasa kwanon ko ya lanƙwasa faifan.

Bayan an gama

Akwatunan biyu kowanne da mansa, kuma 75W-90 ne aka fi zuba wa irin waɗannan motoci. Manta ƙaramin akwatin babu mai yana kashe shi cikin ɗan lokaci. Ana gwada jan ƙafa huɗu ne a kan rairayi ko laka, domin a kan busasshiyar kwalta ƙafafun gaba da na baya kan yi ja-in-ja har haƙora su karye. Haka ma saka tayoyi masu girma daban-daban ke yi.

Abin da ya rage yana hannun direba: ya duba mai bayan kowace ratsa ruwa, ya ɗauke ƙafa daga kan kuloci idan ana tafiya, ya kuma rage lodin da ya wuce kima, musamman lokacin kakar albasa da kowa ke gaggawar kai kaya kasuwa.