Ruwan tankin kifin teku yana ƙafewa: kada ka cika shi da ruwan gishiri

Tankin gilashi mai kifin teku yana cikin kayan ado mafi ɗaukar ido da ake gani a otal-otal, ofisoshi da gidajen masu hali. Tun bayan fitowar fim ɗin Finding Nemo a 2003, ɗan kifin fim ɗin mai ruwan lemo da farin zane ya zama abin marmarin yara da manya a ƙasashe da yawa. Amma akwai wani kuskure da ke kashe irin waɗannan kifaye a hannun sababbin masu kiwo, kuma yawanci da kyakkyawar niyya ake yin sa. Mutum ya duba ya ga ruwan tanki ya ja baya, sai ya ce ai ruwan gishiri ne ya ragu, don haka ruwan gishiri zai dama ya zuba. To, nan ne gizo ke saƙa.

Abin da ke tashi sama ya bi iska ruwa ne zalla. Gishiri ba ya tashi, yana nan daram a cikin tanki. Mutanen Bilma a Jamhuriyar Nijar da wannan suke samun abinci: a tara ruwa mai gishiri a ramuka, rana da iska su kwashe ruwan, gishiri ya saura a kwashe a yi kantu. Abin da ke faruwa a tankinka ke nan a hankali, sai dai a nan akwai masu rai a ciki.

Ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowane kilo ɗaya na ruwa, kuma haka masu kiwon murjani ke ƙoƙarin riƙe tankinsu, wato wajen 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Yanzu a ɗauka tankinka lita 100 ne. Idan lita 5 ta ƙafe, gishirin ya tashi daga 35 zuwa kusan 37. Idan lita 10 ce, ya doshi 39. In ka cika gurbin da ruwa mai tsabta, komai ya koma daidai. In ka cika da ruwan gishiri, ka ƙara gishiri kan wanda bai taɓa fita ba, kuma duk cikon da ka sake yi yana hawa kan na baya. Ido ba ya ganin wannan. Ruwan yana nan garai-garai, layinsa yana inda ya kamata, amma ya fi ƙarfin dabbobin.

Wani zai ce ai Bahar Maliya ma gishirinsa ya kai wajen 40, saboda zafin rana da rashin manyan koguna masu zuba cikinsa, kuma cike yake da kifi da murjani. Gaskiya ne. Amma halittun can a haka suka tashi, kuma teku ba ya sauya ɗanɗano tsakanin Litinin da Juma'a. Abin da ya fi wahalar da dabbobin tanki shi ne hawa da sauka. Kifin teku kullum cikin fafutukar riƙe ruwan jikinsa yake, domin ruwan da ke kewaye da shi ya fi jininsa gishiri, yana zuƙe masa ruwa. Shi ya sa yake shan ruwan tekun, yana fitar da gishirin ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai. Gishiri na ƙaruwa, aikin na ƙaruwa. Jatan lande, murjani da tauraron teku kuwa ba su da irin wannan kariyar, su ne ke fara nuna alama: murjani ya ƙi buɗewa, jatan lande ya mutu ba gaira ba dalili.

Ƙaramin tanki ya fi hatsari. Lita 2 a tanki mai lita 400 ba komai ba ce, amma a mai lita 40 kashi 5 ce cikin ɗari. Abubuwan da ke hanzarta ƙafewar kuma sanannu ne: buɗaɗɗen tanki, fitila mai zafi, famfon da ke kaɗa saman ruwa, fanka, da na'urar sanyaya ɗaki, wadda ke busar da iska. Wanda ke zaune a Kano ko Damagaram ya ƙara da hunturu, lokacin da iska ke bushewa har leɓe ya tsage. Lissafin da ka yi da damina ba zai yi maka aiki a watan Janairu ba.

Akwai tarko a nan. Dabbobin murjani sun fi son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos, kuma hanya mafi arha ta sanyaya tanki da bazara ita ce a kafa masa fanka tana hura samansa. Tana aiki, amma ta hanyar ƙafar da ruwa take sanyayawa. In ka rufe tankin ruf da gilashi don ka rage asara, zafi ya taru, musayar iska ta ragu. Kowanne ka zaɓa, sai ka biya. Ni a ganina gara a bar ruwan ya ƙafe a riƙa cikowa kullum, da a dafa kifi a ƙarƙashin murfi.

Sai batun ruwan da za a yi cikon da shi. Ruwan famfo na da kulorin. Na rijiya ko burtsatse yana iya ɗauke da ma'adinai iri-iri, su ma kamar gishiri ba sa tashi, taruwa suke yi da kowane ciko, su ciyar da gansakuka. Ruwan leda an yi shi ne don sha, ba a cire masa ma'adinai gaba ɗaya ba. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki kuwa ka guje shi, domin yana iya kwaso ƙura da burbushin jan ƙarfe, wanda guba ne ga jatan lande da murjani. Abin da ya dace shi ne ruwan da aka tace da na'urar RO/DI, wanda ma'aunin TDS, mai auna abubuwan da suka narke a ruwa, zai nuna sifili ko kusa da haka.

Ka duba gefen tankinka da kyau. Za ka ga farin ɓawo ya kama bakin gilashi, da bututu, da jikin fitila, inda feshin ruwa ya bushe ya bar gishiri. Wannan ɓawon yana jan laima, yana cin ƙarfe, kuma in ya isa soket yana iya haddasa gobara. A goge shi da jiƙaƙƙen tsumma bayan an kashe wuta, a kuma ɗaga soket sama da inda ruwa zai fantsama. Masu ƙaramin tanki a ƙarƙashin babba su sani cewa can ne ruwa ke ja baya, a ɗakin famfon da ke mayar da ruwa sama. Babban tankin zai yi ta nuna cike, alhali famfo na shirin ƙonewa a ƙasa.

Ana sayar da na'urar ciko mai aiki da kanta, tana da amfani ƙwarai. Sai dai makunninta na iya maƙalewa ta juye duk ruwan ajiya cikin tanki, don haka kada jarkar ajiyar ta yi girma. Kuma in an ɗauke wuta, ita ma ta tsaya.

Ka manna ɗan salatif a jikin gilashi daidai layin ruwa, ka ciko zuwa wurin kowace rana, a hankali. Ruwan gishiri sai lokacin da ka kwashe tsohon ruwa da hannunka za ka musanya shi, kuma da gishirin da aka haɗa don tanki, ba na girki ba. Ka sayi rifraktomita, wato ma'aunin gishirin ruwa, ka riƙa aunawa duk mako. In ka tarar gishirin ya riga ya haura, kada ka sauke shi rana ɗaya, ka raba gyaran cikin kwanaki. In kuma za ka yi tafiya, ka auna ruwan ciko a robobi, ka rubuta ranar kowacce a jikinta, ka ɗauke buhun gishirin daga inda mai kula maka da gida zai gan shi.